Faifan Korar Shaho

A saman benen maƙwabcinsu ta hango shi, yana lilo a jikin igiya kusa da ɗakin tattabaru. Faifan garmaho ne na wani kamfanin buga waƙoƙi da ya daɗe da rufewa a Alƙahira. Ta tara duk faya-fayan kamfanin, wannan kaɗai ya rage mata.

Da ƙyar ta iya ɗaga ido ta dubi tsohon maƙwabcin nasu. "Baba, don Allah ka ba ni shi."

"Shaho yake korar mini, 'yata. Ko ke za ki zo in rataye ki?"

Sai da ta kawo masa murfin tukunya mai ƙyalli ya yarda, har ya biyo ta gida ya saurara.

Ta ɗora allura, kiɗa ya tashi da daɗi. Sai muryar mawaƙin ta shigo tana karkarwa kamar ta akuyar da aka ja wa kunne. Idonta ya ciko da hawaye.

"Rana ta lanƙwasa shi, Baba. Ya lalace."

Tsohon na ta kaɗa kafaɗa, ido a lumshe.

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Haka muryata take. Ke me kike tsammani ya rufe kamfanin?"