Damin Itace a Gonar Malam Inusa

Hanifa ta gyara gammo, ta duba gabas ta duba yamma, sannan ta sunkuya ta ɗora damin a ka. Rana ta take tsaka, lokacin da ko kare ba ya yawo a gonakin bayan Matameye. Dami na goma sha huɗu ke nan take ɗauka daga gonar Malam Inusa, amma har yau in ta ɗauka ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ba haka aka rene ta ba. Mijinta Munkaila ya tafi ci-rani Kano tun bayan girbi, aikensa kuwa sai an fid da rai yake zuwa. Ga 'ya'ya biyar, ga itace ya yi tsada, karan da ta tara ya ƙare ƙaf. Ranar da murhu ya kwana biyu ba wuta, ta ɗauki gatari ta nufi wannan gona, inda Malam Inusa ya daɗe yana renon 'ya'yan gawo, yana cewa shi ba zai sha inuwarsu ba, na jikoki ne. Ta sare ɗaya da bai fi tsayinta ba. Ɗanye ne sharaf, ko ci bai yi ba, hayaƙi kawai ya turnuƙe gidan.

Da ta koma bayan kwana huɗu, sai ta tarar da dami a gindin wani babban gawo, ɗaure da igiyar kaba. Rassan ƙasa ne zalla, sara mai kyau a karkace, har sun sha rana. Ba kowa a wurin, sai sawun awaki. Ta ce a ranta wani ɓarawon ne ya riga ta, ya ajiye sai yamma ya dawo. To, ai sata gidan ɓarawo rance ce. Ta ɗauka. Shi kuma shashashan bai taɓa sauya ma'ajiya ba.

Unguwarsu tana da doka. Duk wanda aka kama ya sare gawo, mai shela zai faɗi sunansa ranar kasuwa, sannan a miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji. Hanifa kuwa tana cikin matan da ke shayar da bishiyoyin lakwal, wato makarantar boko, har an taɓa yi mata tafi a gaban yara ranar dashen itatuwa.

Ranar wannan dami na goma sha huɗu kuwa, ko bakin gonar ba ta kai ba, 'yan sintiri biyu suka sha gabanta.

A zauren mai unguwa Tanko aka dire damin. Kafin ta durƙusa mutane sun cika ƙofa. Ta ja mayafi har bisa hanci.

"Matar Munkaila, ke ce da wannan aiki?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ban sara ba. Tsinta na yi."

"Tsintuwa da igiyarta," in ji wani daga baya, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Itace ba ya sare kansa," mai unguwa ya ce. "In ba ke ba ce, wane ne?"

A zuci ta ji sunanta a bakin mai shela, tsakanin masu tattasai da masu gishiri. Ta ga labarin ya hau mota ya riski Munkaila a Kano. Ta ga 'yarta ta fari ana nuna ta da baki a lakwal. Sai sawun awakin nan suka faɗo mata a rai, tare da Baba Shekara, tsohon da ke kiwon awakin unguwa. Ba shi da ɗa, ba shi da ƙani, shi da tsohuwar matarsa da kashin shanu suke girki. Bai taɓa yi mata komai ba, ita ma ba ta taɓa ganinsa a gonar ba.

"Na ga Baba Shekara da gatari," ta ce, muryarta kamar ta wata.

Aka aika. Tsoho ya shigo yana dogara sanda, ya cire takalma ya yi gaisuwa. Mai unguwa ya nuna masa damin, ya faɗa masa abin da aka ce. Shekara ya kalli igiyar, ya gyaɗa kai.

"Ni na sara, ranka ya daɗe."

Hanifa ta kalle shi. Ƙarya ta shara, ga tsoho ya ɗauka ya yafa. Ta so ta ce a dakata, sai ta tuna da mai shela. Ta ƙura wa tabarma ido, tana jin ana ta salati, wasu na cewa furfura ba ta hana halin ɓera.

Ana cikin haka Malam Inusa ya iso, da alama daga masallaci aka taso shi. Ya juya reshe ɗaya a hannu, ya duba bakin saran.

"Ku saki tsohon nan. Ni na sa shi, sama da wata biyu ke nan, ya riƙa rage wa itatuwan rassan ƙasa don su miƙe. Na ce abin da ya sauke duk nasa ne, shi ne ladan aikinsa."

 Mai unguwa ya juya wajen Shekara.

"To Baba, kai da gidanka ba itace, yaya kake ɗaure ladanka ka bar shi a daji har wata biyu?"

Tsoho ya sunkuyar da kai, kamar shi aka kama.

"Ranka ya daɗe, ina gindin aduwa da awaki ranar da ta sare ɗan gawon nan tana kuka. Sai na ce gara ta riƙa ɗaukar nawa, ta bar wa jikoki nasu."