Akwatin Jamil Mai Fitilu

"Wannan gwangwanin kifin za ka taka a gidan biki?" Jamil ya shuri fedar jitar Tasi'u, 'yar na'urar da ke sa sauti amsa-kuwwa. "Makaɗin gaske akwati yake ɗauka. Dubi nawa."

Ƙaton akwatin ƙarfe ne, fitilu reras. Kunya ta kama Tasi'u. Ranar kasuwar Ɗanbatta ya karyar da fedar.

A wani biki a Zakirai, jitar Jamil ta yi ta amsa-kuwwa, mata suna guɗa. Da aka tashi ya yafito Tasi'u. "Zo ka kama min akwatin, ko ka samu tubarraki."

Tasi'u na ɗagawa, murfin baya ya faɗo. Ba komai ciki sai batirin fitilu da feda guda.

Ga sunan Tasi'u nan a jikinta, yadda ya karce shi da ƙusa kafin ya sayar da ita.