Giyar Shekarar Ernestine

Aurélien ya shafa bangon da tafin hannu, ya yi dariya.

"Kaka, wanda ya yi ginin nan bai taɓa riƙe cokalin magina ba. Ji yadda ya karkace."

"Ubana ne ya yi shi. Kama gudumarka ka rufe min baki, ɗan birni."

Ernestine Sauvanet ta haura tamanin, kuma ba ta taɓa bari wani ya taɓa bangon da ke ƙuryar ɗakin ajiyar giya na ƙarƙashin ƙasa ba. A gidansu, duk yaron da aka haifa ana ware masa kwalaben jan giya na shekarar haihuwarsa, a kwantar da su cikin duhu su girma tare da shi. Nata suna bayan bangon. Haka uwarta ta gaya mata: lokacin da sojojin Jamus suke farautar ubanta Fernand, sai da ya toshe lungun don ya ɓoye mata rabonta, sannan ya gudu.

Mutanen ƙauye cewa suke ƙarya ce. Wai ya sayar wa sojojin giyar kaf, ya bi wata mata zuwa birnin Marseille, babu komai a bayan bango sai kunya. Ernestine ba ta taɓa tanka musu ba. Ta yi noman inabinta, ta fi su. Amma guduma ba ta taɓa ɗauka ba, don muddin bangon yana tsaye, tana da uban da ya tuna da ita.

Yanzu jikarta Solène za ta auri wannan yaron, likitan tsohuwar kuma ya daina kallonta a ido, alamar kwananta ya kusa ƙarewa. Ta ce a fasa bangon. Ko a sha giyarta ranar bikin, ko ta mutu da sanin cewa ƙauye ne ke da gaskiya.

Guduma ta sauka. Ƙura ta tashi.

Ta tuna safiyar da ta fara ganin ginin ɗanye. Tana da shekara takwas. Uwarta ta ba ta tulu ta ce ta kamo gizo-gizo a rumbu, ta sake su a jikin bango su yi saƙa, don ya yi kama da tsohon gini. Hannun uwar duk ya tsattsage ranar, ta ce sanyi ne. Washegari sojoji suka tafi da ita birni don tambayoyi, wasu kuma suka tare a gidan, suka shimfiɗa katifunsu a falo. Yarinya ta koma kwana wajen maƙwabta, amma kullum sai ta zo duba gangunan ubanta.

"Za a fara labarin ramin," in ji Solène, tana haska wa angonta fitila. "Sau dubu na ji shi."

"Ki ji na dubu da ɗaya, marar kunya. Ba don ni ba, ruwan tsami za ku sha ranar aurenku."

Labarin da take alfahari da shi ke nan. A ƙasan bangon, bayan wata tsohuwar ganga, ta tarar da wata 'yar kafa da hannu zai iya shiga. Fernand ya koya mata abu biyu tun tana rarrafe. Na farko, iska ce ke kashe giya. Don haka yarinyar ta kwaɓa laka da tsakuwa, ta cusa, ta danna da duk ƙarfinta, ta shafe sumul. Babu wanda ya sa ta. Yaran wancan zamani ba sai an sa su ba.

Na biyu, giya ba ta manta gonarta, idan inabi ya yi fure a waje, ita ma takan motsa a ɗakin ƙasa. Lokacin fure ne kuwa. Shi ya sa da ta riƙa jin ƙwas, ƙwas, a hankali daga bayan bango, ba ta tsorata ba. Ta ce giyarta ce ke gaishe ta. Da fure ya yi nisa, motsin ya tsaya, kamar yadda ya kamata.

Sai bayan tsinkar inabi aka sako uwarta. Ko rungumar 'yarta ba ta yi ba, ta wuce ƙasa da gudu. Ernestine ta bi ta, ta nuna mata aikinta. Matar ta durƙusa, ta daɗe tana kallon lakar da ta bushe da shaidar ƙananan yatsu a jiki.

"Kin kyauta, 'yata," ta ce. "Babanki ya gudu. Kada ki ƙara tambaya."

Har ta mutu ba ta sake sauka ɗakin ba, ba ta kuma sake kai giya bakinta ba.

Tubali ya rufta ciki. Wata iska mai nauyi ta fito, fitila ta yi rawa. Aurélien ya leƙa, ya yi ihu.

"Suna nan, Kaka! Jere, har sama!"

Ernestine ta ture shi da sandarta, ta karɓi fitilar, ta shiga. Kwalabenta ne, kwance cikin ƙura, ko ɗaya ba a buɗe ba. Gobe da safe sai ƙauyen nan ya ji.

Sai ta ga bargo a ƙasa. Da kwano, da butar ruwa a kife. Da takalman ubanta, waɗanda ta sha gogewa ranar Lahadi.

"Kaka, fito," in ji Solène. "Don Allah fito."

Ba ta fito ba. Ta sauke fitilar zuwa gindin bango, inda ƙashin hannun Fernand yake miƙe har yanzu cikin kafar da matarsa ta bar masa don ya sha iska, yatsunsa a jikin lakar 'yarsa.