Turaku Uku a Gangaren Titi

Da hantsi ne, iska tana kaɗawa kamar za ta yi gaba da rumfar mai facin taya. Rumfar tana bakin sabon titin da ake yi, daidai inda hanya ta gangaro sannan ta sake hawa. Mai faci ya duba ko'ina bai ga abin da zai ɗaure tamfol ba, sai turakun da mai awon titi ya kakkafa, kowanne da jan fenti a wuyansa.

Ya tuge uku. Matarsa da ta kawo masa abinci ta ce, "Maigida, waɗannan ba na ma'aikata ba ne?"

"Ke dai da tsoro! Itace ne fa, ba zinariya ba. Gobe zan mayar."

Ya kuwa mayar, ya sa guduma ya buga su har suka nutse sosai. Bawan Allah bai san jan fentin nan shi ke nuna inda cikon ƙasa zai tsaya ba. An tsara hanyar ta sauka a hankali, ƙarshen zurfinta ya faɗa kan kwalbati, ruwa ya samu mafita. Mai tuƙa gireda, motar baje ƙasa, shi fenti kawai ya bi. Sai zurfin ya dawo gaban rumfa, nesa da kwalbatin, wurin ya zama kamar kwano.

Ruwan farko bayan an zuba kwalta, tafki ya kwanta a wurin. Ƙanin mai faci ya gangaro a babur, ya goyo matar wan nasa, tana da cikin wata shida. Taya ta zame. Ƙanin ya tashi da ƙujewa, ita kuwa cikin ya zube.

Bayan kwana biyu injiniya da mai awo suka zo suna ta musu a kan takardar awo, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Mai faci ya matso, idanunsa jajir.

"Ranka ya daɗe, ku bar zargin juna. Ni na taɓa turakun. Ko ɗaure ni za a yi sai na faɗa, don kada wani ya sake faɗuwa a nan."

Injiniya ya juyo gare shi, ya ce, "Nuna mana waɗanda ka cire. Dole a fasa wurin nan."

Aka sake awo, aka kafa sabbin turaku. Kullum da sassafe mai faci yakan jera tsoffin tayoyi kewaye da su, kada mota ta ture. Mai awo yakan wuce da na'urarsa a kafaɗa, bai ma san wanda ya jera ba.

Jama'a, alamar da ma'aikata suka kafa a hanya ba itacen banza ba ne. Abin da ba ku san amfaninsa ba, kada ku taɓa, ku tambaya.