Daga Potiskum Zuwa Dutsen Zuma

Ranar da likita ya ce wa wani direba ganin matarsa ba zai kai ƙarshen shekara ba, direban ya cire kujerun bas ɗinsa, ya shimfiɗa katifa, ya ɗauko risho, don ya nuna mata ƙasa. Ba ta taɓa wuce Potiskum ba. Kullum ta roƙa, sai ya ce baɗi.

Wahalar fetur ta casa'in da huɗu ta cinye musu sati uku a layi. Suka ratsa Bauchi da Jos, har gindin Dutsen Zuma.

Ta sauko tana murmushi, ta ce, "Maigida, ashe haka yake da girma!"

"Ƙwarai kuwa," in ji shi. Sannan ya dafa kafaɗunta a hankali, ya juyo da ita wajen da dutsen yake.