Takardar da Rana Ta Kasa Ci

Ka ce ka samo takarda mai kyau za ka buga aikinka a kai. Kyanta ka gani, ban ji ka ce ka ga halinta ba. Gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mai zane wanda ruwan dam ya cinye ƙauyensu tun yana saurayi. Kafin ruwan ya iso ya zauna ya zana garin kaf: rimin bakin kasuwa, rijiyar ƙofar masallaci, har karkatacciyar dangar gidansu bai bari ba. Shekara arba'in zanen na ƙasan akwati. Yanzu zanen ya fara gutsurewa da kansa, ga yanar ido ta rufe wa tsohon ido ɗaya tana lallaɓo ɗayan, ya kuma san ba zai ƙara zana wani ba. Mutanen garin, da suka warwatsu ko'ina, suka roƙe shi a buga wa kowane gida ɗaya, don jikoki su ga inda aka binne cibiyar kakanninsu. Ya tafi birni wurin mai buga hotuna, aka shimfiɗa masa takarda iri biyu. Ɗaya fara fat, sumul, sai sheƙi take yi. Ɗayar kuwa dishi-dishi, ga kauri ga kaushi kamar saƙi. Mai bugun ya ce mai kaushin ta auduga ce zalla, babu tsamin da ke cin takarda a jikinta, ita ke jure zamani. Tsoho ko ƙarshen bayanin bai tsaya ji ba. Ido ɗaya ya rage masa, shi ma ɗin ƙyalli ya bi. Ya sa aka buga masa gwaji a kan kowace, ya ce gobe zai dawo a buga duka a kan farar, ya nufi gida yana murna.

Matarsa, wadda ta tsufa cikin sayar da atamfa, ta juya takardun a hannu ta ce, "Malam, ni ko turmi ɗaya ba na ɗauka sai na jiƙa gefensa na ga ko yana zuba. Kai kuma gari guda za ka ɗora a kan abin da ba ka gwada ba?" Ya ji haushi, irin haushin maigidan da aka faɗa wa gaskiya a tsakar gidansa. Ya yi ƙunƙuninsa ya gama, sannan ya jera takardun a tagar da rana ta fi duka, ya danne rabin kowace da katako. Goben da ya ce ta zama wata biyu. 'Yan garinsu suna ta aike, har ana cewa tsoho ya cika nawa, shi kansa kullum yana tsoron kada idon ya ƙarasa rufewa aiki bai fita ba. Ranar da ya ɗaga katakon, sai ya ga farar ta rabu gida biyu. Inda aka rufe yana nan fat, inda rana ta gani ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro, rimin ya dushe, da ya lanƙwasa gefen sai ya karye. Ya ɗauki mai kaushin yana neman iyakar inda rana ta duka, bai gani ba. Ya zaci idonsa ne, ya kira matar. Ta kai ta haske, ta duba sama ta duba ƙasa, ita ma ba ta samu ba.

Tsoho ya zauna a bakin gado ya yi doguwar ajiyar zuciya. Saura ƙiris da hannunsa ya sa garinsu ya nutse karo na biyu. Washegari ya koma birni ya nuna mai kaushin da yatsa, bai ko kalli farar ba. Ya ga aikin da idonsa kafin yanar ta gama rufe shi, rimin kuma har yau yana tsaye a bangon gidajen jikoki.

Don haka yanki gefen takardar nan taka ka ba rana ta ɗanɗana tukuna. Hausawa sun riga sun faɗa: sai an gwada akan san na ƙwarai.