Tsamin Wayar Tangaraho

Babana mai gyaran wayar tangaraho ne, wadda Turawa suka ja ta bayan Gumel. Ba shi da abin gwaji sai harshensa. In waya na da rai, takan cije shi da tsami. In ta mutu, ƙarfe ne kawai.

Ran nan da la'asar Inna ta aike ni kai masa fura. Na same shi a gindin turken waya kan hanyar Gagarawa, leɓɓansa duk sun tsattsage. Waya ta yi shiru, Baturen da yake yi wa aiki kuma ya ce in rana ta faɗi ba ta yi magana ba, bulala ce a tsakar kasuwa.

Ya lasa, ya tofar, ya sake lasa.

"Harshena ya daina ji, Hansai," ya ce. "Ban sani ba ko ni ne, ko ita ce."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya goge bakin wayar da rigarsa, ya miƙo mini. "Zo, uwata. Taɓa kaɗan."

Na sa harshe. Tsami ya ratsa ni har cikin haƙora, hawaye suka zubo.

"Da rai, Baba."

Tunda da rai a nan, ɓarnar tana can gaba ke nan, ga rana ta yi ja. Bai sha furar ba. Ya saɓa igiyarsa ta hawa turke ya ce, "Kada Innarki ta ji."

Yau haƙoran nan duk sun zube, amma tsamin yana nan. Bulalar kuwa, sai da ya sha ta.